Bidiyon Kyamarar Tsaro Ya Ƙi Buɗewa a Burauza: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Mutane da yawa ba sa waiwayar abin da kyamarar gidansu ta naɗa sai ranar da wani abu ya faru. An wayi gari ƙofa a buɗe, hankali a tashe, an ciro fayil an jefa shi cikin Chrome, sai ga baƙin allo. Nan take mutum ya yanke cewa bidiyon ya lalace, wani ma har ya goge shi don haushi. Wannan ne ya fi damuna, domin sau da yawa bidiyon lafiyarsa ƙalau, burauzar ce ba ta jin yarensa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauka cewa duk fayil da sunansa ya ƙare da .mp4 dole ya buɗe. MP4 mazubi ne kawai, abin da aka zuba a ciki shi ne magana. Yawancin kyamarori na matse hoto da ɗayan tsari biyu, H.264 ko H.265. Na farkon kusan kowace burauza tana karanta shi. Na biyun ya fi tattalin wurin ajiya, shi ya sa ake yawan samunsa a kunne a sababbin na'urori, amma karɓarsa ta zo a makare. Safari ta fara a 2017, Chrome sai a 2022 daga siga ta 107, ita ma sai in kwamfutar tana da sashen hoto mai iya warware shi. Ka ga tsohuwar kwamfuta za ta iya ƙin fayil ɗin da wayarka ta buɗe ba wahala. Don gobe, ka shiga saitin kyamara ka mayar da naɗin H.264. Wanda aka riga aka naɗa kuwa, ka fara gwada shi da VLC, manhajar kunna bidiyo. In ya yi wasa a can, ka tabbata fayil ɗin yana da rai.

Daga nan sai masu sauya sunan fayil. Na'urorin kamfanin Dahua suna fitar da fayil mai .dav, sai mutum ya goge haruffan ya rubuta .mp4 yana zaton ya gama. Sauya suna ba ya taɓa abin da ke ciki. Wasu na'urorin Hikvision ma sukan fitar da fayil mai suna .mp4 alhali ginin cikinsa na daban ne. Abin da ake bukata shi ne a juye bidiyon zuwa sabon mazubi, kuma manhajar ffmpeg, wadda kyauta ce, tana yin haka cikin daƙiƙu:

ffmpeg -i asali.dav -c:v copy -c:a aac -movflags +faststart sabo.mp4

Kalmar copy tana nufin kada a taɓa hoton, a kwashe shi yadda yake, don haka ingancinsa ba ya raguwa. Sashen aac yana gyara wata matsalar da mutane ke ɗora wa lasifika: hoto na tafiya, sauti shiru. Kyamarori da yawa suna naɗa murya da G.711, tsohon tsarin layin tarho, wanda burauza ba ta karɓarsa a cikin MP4. Shi kuma faststart yana ɗauko jadawalin fayil ɗin, wato jerin da ke nuna inda kowane ɓangaren bidiyon yake, daga ƙarshe ya dawo da shi farko, sai bidiyo ya fara wasa ba tare da jiran saukar dukkansa ba. In hoton H.265 ne kuma burauzarka ba ta karɓa, sai ka sa libx264 a madadin copy, ka yi haƙuri don zai ɗauki lokaci.

Amma don Allah, ka yi wannan aiki a kan kwafi. Asalin fayil ka ajiye shi daban, da sunansa da komai, kada ka taɓa. In magana ta kai gaban 'yan sanda ko kotu, asalin ne ya fi nauyi.

Wannan jadawalin da na ambata shi ne dalilin da ya sa bai kamata a zare katin memori kyamara tana tsakiyar naɗi ba. A fayil ɗin MP4 na yau da kullum, sai an rufe shi ake rubuta jadawalin. Ka zare kati da garaje, guntun ƙarshe ya fito ba jadawali, kuma shi ne yawanci wanda kake nema. Ka dakatar da naɗin tukuna. In aikin gama ya riga ya gama, akwai manhaja mai suna untrunc da kan ceto irin wannan fayil, in ka ba ta wani lafiyayye daga kyamarar guda ta yi koyi da shi.

Adireshin kallon kyamara kai tsaye, wanda ya fara da rtsp://, ba ya buɗewa a burauza, ko sau nawa ka liƙa shi. Sai an sa manhaja a tsakani, irin go2rtc ko MediaMTX, ta juya shi zuwa HLS ko WebRTC, tsarukan da burauza ke iya kunnawa.

Tsofaffin na'urorin naɗa kuma sukan ce sai ka sauke wani ƙarin manhaja kafin ka ga hoto. An gina su ne don Internet Explorer, wadda Microsoft ta yi wa ritaya a watan Yunin 2022, Chrome kuwa ta rufe ƙofar irin waɗannan ƙare-ƙare tun 2015. Kada ka bi shafukan da ba ka sani ba kana neman su, ta nan ake kwaso ƙwayar cuta a kwamfuta. Ka duba shafin kamfanin ko akwai sabuntawa ga na'urar. In babu, burauzar Edge tana da yanayin Internet Explorer da za ka kunna wa adireshin na'urar kaɗai.

Akwai kuskuren da ba ya nuna kansa, kuma ya fi sauran haɗari: buɗe ƙofar shiga a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, domin a riƙa kallon gida daga nesa, tare da barin kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita. A 2016 mugun shirin Mirai ya kame ɗimbin kyamarori da na'urorin naɗa ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomin sirri kawai. Abin da ke cikin kyamarar nan iyalinka ne da tsakar gidanka. Ka sauya kalmar sirri, ka rufe ƙofar, ka riƙa shiga ta VPN, wato rufaffiyar hanyar shiga daga nesa, kamar WireGuard.

Wani lokacin kuma burauza ba ta da laifi ko kaɗan. Ka nemi ƙarfe biyun dare ba ka ga komai ba, ashe agogon na'urar ya kauce da awa guda. Ka kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, a saiti, ka zaɓi yankin lokacin da kake. Ko kuma an riga an naɗa sabo a kan tsoho. Kyamara ɗaya mai megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a rana, guda huɗu za su cika faifan terabait ɗaya cikin kwana shida ko ƙasa da haka. Don haka da abu ya faru, ka fara kwafe sa'o'in da kake bukata zuwa wani wuri, gyaran buɗewa ya biyo baya.