Yadda na magance yoyon kwalaben giyar inabi

Matsalar ita ce kwalaben suna ɗiga ta baki idan an kwantar da su, wasu ma ɗanɗanon ya fara komawa tsami saboda iska na shiga. Da na bincika sai na ga matoshin ne, irin na garin ɓawon itace da ake haɗawa da gam, shi wannan shekara ɗaya ko biyu yake riƙewa, ba na dogon ajiya ba ne.

Sai na koma na ɓawo zalla, lamba 9, faɗin milimita 24 tsawo 44, shi ne yake cika bakin kwalba mai mililita 750 sosai. To amma fa ƙaramin injin hannu na toshe kwalba ba ya iya tura shi, sai ya tsaya rabi ko ya yage gefe, dole na nemo babba wanda ake girkewa a ƙasa mai dogon hannu wanda yake matse matoshin ta ko'ina kafin ya danna shi, gaskiya bambancin ba kaɗan ba ne.

Kar a tafasa matoshi, yana lalata shi. Bayan toshewa ina barin kwalba a tsaye kwana 3 iskar ciki ta daidaita, sannan in kwantar don giyar ta riƙa jiƙa shi kar ya bushe. Tun lokacin ko ɗigo babu.