Yadda nake tace ruwan wankin mota in sake amfani da shi

Wurin wankin motoci da babura gare ni a nan Maradi. Daga Afrilu zuwa faɗuwar damina, rabin cinikina wajen ƴan ga-ruwa yake tafiya, shi ya sa na koma tace ruwan da na riga na yi wanki da shi.

Kada ka fara da ita matatar ruwan, wato bututun tacewa. Fara da rami. Gina kwalbati biyu na siminti, ruwa ya kwana a na farko, laka ta kwanta, baƙin mai ya taso sama ka kwashe shi da tsumma. Tiyon da zai kai ruwa kwalbati na biyu ya ɗebo daga tsakiya. Daga nan ya ratsa duro mai tsakuwa a ƙasa, wankakken yashin gulbi a sama, sannan ya shiga matatar. Ni na tsallake wannan matakin da farko don gaggawa, cikin kwana uku mai ya liƙe matatar kamar an shafa mata man shanu.

Ita matatar bututu ce cike da siraran zare masu rami a ciki, kamar taliya. Ƙofofin jikin zaren ba su wuce maikiron 0.1 ba, alhali kaurin gashin kai ya kai wajen 70. Ruwa ya wuce, laka da bakteriya su tsaya. Ƙaramin famfo ya isa, matsi mai yawa tsinka zaren yake yi.

Kullum kafin ka tashi aiki, tura tataccen ruwa ta baya ya fito da dauɗar. Idan zubar ta ragu duk da haka, jiƙa ta da ruwan jabel mai sauƙi gwargwadon takardar da ta zo da ita, ka ɗauraye. Kuma kada ka bari ta bushe, ko tafiya za ka yi bar ta cike da ruwa.

Ruwan zai fito garau, yara ma za su miƙo kofi. Hana su. Narkakken sabulu da gishiri suna ratsa wannan matatar, haka sinadarin fuloraid, irin wanda ya lanƙwasa ƙasusuwan yara a Tibiri. Waɗannan sai matatar osmosis, mai ƙofofi ƙanana ƙwarai fiye da na wannan, wadda ita kuma jabel ke lalatawa. Ni wankin farko da na tayoyi nake yi da tataccen, ɗaurayar gilashi kuwa da sabon ruwa, don kada ya bar farin tabo.