Kurakuran da masu koyon zane ke yi in sun ɗauko salon Liu Ye

Wata uku kenan yara masu koyon zane suna turo min aikinsu a WhatsApp, kuma kusan duk abu ɗaya ne, yarinya mai ƙaton kai da zagayayyar fuska an kafe ta a tsakiya, an zuba mata murabba'ai ja da shuɗi da rawaya a baya, sai a rubuto min "Malam ga salon Liu Ye na gwada". Ƙannena ba haka ba ne wallahi. Bakina ya gaji da saƙon murya shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda bai san shi ba, Liu Ye mai zane ne ɗan ƙasar Sin, haifaffen Bejin a 1964, ya yi karatu a babbar kwalejin zane ta Bejin sannan ya wuce Balin ta Jamus a 1990 ya shekara huɗu. Babansa marubucin littattafan yara ne. Abin da ya yi suna da shi shi ne ƙananan yara, wani da kayan sojan ruwa, wani da fukafukai, sau da yawa a tsaye gaban zanen Piet Mondrian, mutumin Holand ɗin nan da ya rasu a 1944, wanda a shahararrun ayyukansa babu komai sai baƙaƙen layuka a tsaye da a kwance da ja da rawaya da shuɗi. A 2016 har gidan da aka haifi Mondrian a garin Amersfoort na Holand an baje ayyukansu tare.

To kuskure na farko, wanda ni kaina ya taɓa cin kuɗina, shi ne fara zanen da yaron. Shekarun baya wani bawan Allah ya ba ni aikin da zai rataya a ɗakin 'yarsa, na ce ai ga dama ta samu, na zauna sati biyu cur ina gyaran fuskar yarinya, ido, kumatu, gashi, har ni kaina tana burge ni, sai da na gama na tuna ai akwai layuka. Na ɗauko rula na fara cusa su ta inda suka samu wuri, wani layin ya fito mata daga kunne kamar eriya, wani jan murabba'in ya zauna mata a ka kamar ta ɗauko tallan tumatir. Mutumin ya zo ya daɗe yana kallo, ya ce Malam yarinyar daban bangon daban, ya karɓi kafin alƙalaminsa ya tafi. Na ji haushi a ranar amma gaskiyarsa ne. Kyallen da fentin akirilik na sati uku duk suka tafi a banza.

Abin da ban gane ba a lokacin, a wajen Liu Ye tsarin layukan ba ya tsaya wa a hoton Mondrian da ke rataye a bango, kyallen gaba ɗaya a kansa aka gina shi. Inda bango ya haɗu da ƙasa layi ne, gefen labule layi ne, bakin ƙofa layi ne, shi kuwa kan yaron da'ira ce guda ɗaya da aka ajiye a cikin duniyar da komai nata miƙaƙƙe ne, shi ya sa idonka yake faɗawa kanta. Ku duba wanda ya sa wa suna Bamboo Bamboo Broadway, faɗinsa mita 9, babu yaro ko ɗaya a ciki, sandunan gora ne kawai a tsaye da a gicciye, kuma an sayar da shi a Bejin a 2021 sama da yuwan miliyan 80, kuɗin Sin. Ko an cire yaron ginin yana nan daram. Naku fa in an cire yaron me ya rage?

Tun daga lokacin ni dai kwana biyun farko ba na taɓa burushi. Takardu masu launi nake yanka da almakashi in shimfiɗa a ƙasa ina matsar da su har sai abin ya zauna min, yaron kuma murfin kwalba ne da ɗan guntun kwali. In na kwafa a kyalle da gawayi sai in juya shi kai a ƙasa in koma bakin ƙofa in kalla, in ya rinjayi gefe ɗaya in goge. Wasu abokan sana'a suna ce min ɓata lokaci ne, su suka sani.

Na biyu, kuma wannan ya fi ba ni takaici, murmushi. Haba jama'a, wa ya ce muku yarinta dariya ce kawai? Kowa sai ya washe wa yaron baki kamar tallan madara. Ku koma ku kalli yaran Liu Ye da kyau, bakinsu ɗan mitsitsi ne a rufe, da yawa ma baya suka juya maka suna kallon wani abu, akwai wanda 'yan mata biyu suke fuskantar juna kowacce riƙe da takobi kuma sararin duk ja wur. Mutumin nan yana ɗan shekara biyu aka fara juyin juya halin al'adu a Sin, daga 1966 har 1976, cikin jajayen tutoci da jajayen allunan farfaganda ya tashi, to jan nan nasa da tarihi a bayansa. Shirun yaron da tsantsar tsarin layukan su suke haɗuwa su sa ka ji wani iri a ƙirji. Kana sa murmushi ka kashe shi, ya koma katin barka da sallah. In yara masu wasa da tsalle kake so, wajen Feng Zikai za ka nufa, wani mai zane ɗan Sin da ya rasu a 1975, shi da tawada da 'yan layuka kaɗan yake fitar da su, kuma hanyarsa daban ce kwata-kwata.

Sauran ƙanana ne. Kada ka lafta fenti da kauri, yi shi siriri-siriri hawa-hawa, kowane hawa ya bushe kafin na gaba. Kada ka matso ja daga tub ka shafa kai tsaye, ni ina fara shimfiɗa ruwan ƙasa a ƙarƙashi. In ka manna salatif don layi ya miƙe, fara shafa launin ƙasan a bakinsa ya toshe kafar, in ba haka ba fenti zai zurara ta ƙasa ka ɓare ka ga layi kamar ɓera ya gaigaya. Zomon nan Miffy da kuke kwafa, na Dick Bruna ne ɗan Holand tun 1955, da masu haƙƙinsa, kada ka sa shi a abin da za ka sayar. Kuma ku duba awon zane kafin ku kwaikwaya, a fuskar waya mai girman littafi da mai cika bango duk tsawon yatsa ne.

Sai masu kwafo rubutun Sinanci daga intanet su danna a kusurwa da jan hatimi wai don ya yi kama da na can. Wani yaro ya kawo min nasa makon jiya, na tambaye shi me aka rubuta, ya ce bai sani ba, muka haska da manhajar fassara ta waya, ashe sunan miyar waken soya ne ya kwafo daga jikin kwalba.