Yadda zaka gane wane jirgin yaƙi ake nufi in suna ya zo ɗaya

Shekaranjiya da dare wurin mai shayi nan Mabera gardama ta kaure, wani yace Ark Royal, jirgin ruwan yaƙin Ingila, ai Jamusawa sun nutsar da shi tun 1941, ɗayan yace wallahi ƙarya ne shi da idonai ya ga hotonshi a yaƙin Iraƙi na 2003. To duk su biyun suna da gaskiya. Sojan ruwa in jirgi ya nutse ko ya tsufa sai su yi mai takwara, kamar dai yadda muke maida sunan kaka ga jika. Ingila kaɗai tayi Ark Royal har biyar, na farkon tun 1587, na katako mai tafiya da iska.

Abu na farko, nemi lambar jirgin kafin sunan. Ita ce "na biyu" da "na uku" ɗinsu, kamar yadda in kace Sarkin Musulmi Abubakar sai an tambaye ka wanne. Ark Royal da ya nutse kusa da Jibralta lambarshi 91, na Iraƙi kuma R07, an ajiye shi 2011. Wurin Amurka ma haka, Enterprise CV-6 shi ne na yaƙin duniya na biyu, CVN-65 kuwa ya fara aiki 1961 kuma wannan N ɗin nukiliya take nufi, shi ne jirgi mai ɗaukar jiragen sama na farko da ke tafiya da ita. Sa sunan tare da lambar a Google, ba sunan zalla ba, in ba haka ba hotunan duk gauraye zasu fito maka.

Sai shekara. Anan ne Yorktown na Amurka ke kada mutane, CV-5 ya nutse a yaƙin Midway 1942, ba'a jima ba aka ba wani sabo sunan, CV-10, duk cikin yaƙin duniya na biyu fa! Wanga na biyun yana nan har yau an maida shi gidan tarihi.

Haruffan da ke gaban suna kuma ƙasa suke nunawa, HMS Ingila, USS Amurka, NNS namu.

Wani abin da ya fi rikita ni ma shi ne jirgi guda suna biyu. NNS Thunder namu can Amurka Chase ake ce mai, na masu gadin teku ne, sai 2011 aka ba Najeriya, to in kana neman tsohon tarihinshi da sunan Chase zaka bincika.