Darasi na 7: Naitirojin Nawa Ne a Buhun Taki?

Ɗauko buhun yuriya ka duba jikinsa. Za ka ga an rubuta 46% N. Harafin N yana nufin naitirojin, sinadarin da ke sa ganyen albasa da na shinkafa ya yi kore shar. Alamar % kuwa ana karanta ta "kashi cikin ɗari". Wato in ka auna kilo 100 na yuriya, kilo 46 ne kaɗai naitirojin a ciki.

To, buhunka kilo 50 ne. Ninka nauyin buhun da lambar da ke jikinsa: 50 sau 46 ya ba da 2,300. Kada ka ajiye fensir tukuna. Raba da 100, ya zama 23. Kilo 23 na naitirojin ke nan a buhun.

A nan ake yawan tuntuɓe, kuma ba abin kunya ba ne, sannu a hankali hannu zai faɗa. Mutum ya kai 2,300 sai ya ce ya gama. Haba Malam! Buhu mai kilo 50 ne zai ɗauki kilo 2,300? Raba da 100. In lambar ta ƙare da sifiri biyu, soke su duka biyun. Amsarka dole ta kasa nauyin buhun. In ta fi shi, ba ka raba ba, koma ka raba.

Sake gwadawa da rabin buhu. 25 sau 46 ya ba da 1,150. Sifiri ɗaya ne a nan, saboda haka ƙirga lamba biyu daga dama ka sa ɗigo: 11.50, kilo 11 da rabi. Wannan ɗigon shi ne rabawa da 100. Wanda ya ƙi maimaita wannan a gida, kada ya zo aji yana cewa lissafi ya yi wuya.

Da sikeli ake awon, domin mudu cika yake aunawa. Takin kuma ya zama busasshe, don yuriya na shan danshi, sai ka auna ruwa kana zaton taki ne.

Darasi na 8: NPK 15-15-15

Lambobi ukun da ke jikin buhun takin NPK kashi cikin ɗari ne, na naitirojin (N), fosfaras (P) da fotasiyam (K). Lamba ta farko ta naitirojin ce. A buhu mai kilo 50: 50 sau 15, 750. Raba da 100, kilo 7.5. Sauran biyun ma kilo 7.5 ne kowannensu, amma a haɗe da oksijin aka lissafa su, saboda haka sai an cire nauyin oksijin ɗin. Ninka 7.5 da 0.44, ka sami kusan kilo 3.3 na fosfaras. Ninka 7.5 da 0.83, kusan kilo 6.2 na fotasiyam.

Aikin gida: manomin albasa a Goronyo ya sayi buhu biyu na 20-10-10, kowanne kilo 50. Nemo naitirojin ɗinsa, kuma kada ka manta da rabawa da 100.