Yadda za ki koya wa yara gane wariyar launin fata da ƙin yarda da ita

Ranar nan 'yata 'yar shekara 6 ta dawo daga makaranta tana tambayata wai Mama me zan shafa in yi fari, ashe wata a ajinsu ce ta ce mata baƙa mummuna. Wallahi sai da gabana ya faɗi.

'Yar uwa, abu na farko ki fara da bakinki da na mutanen gidanki, don yaro ba a littafi yake ɗaukar wannan abin ba, a tsakar gida yake ji. Ana ta cewa a samo mana fara ko mayya ce, farar mace alkyabbar mata, an haifi jariri ana leƙa kunnensa a ga ko zai yi baƙi, ga man bilicin jere a gaban madubi, to me kike so yarinya ta fahimta? Haka tsokanar zabiya a layi, ko zagin mutum da ƙabilarsa, duk uwarsu ɗaya. Ki hana, ko da kakarsu ce ta faɗa da wasa, ki gyara cikin ladabi amma a gaban yaran.

In suka tambaya me ya sa wane fari ne, kar ki ce su yi shiru. Ki ce akwai wani sinadari a fata sunansa melanin, mai shi da yawa ya fi duhu kuma yana kare fata daga zafin rana, shi ke nan fa.

Sai labari, don wa'azi mai tsawo ba ya zama a kan yaro. Ni na Ruby Bridges na ba tawa don sa'arta ce: a 1960 a New Orleans ta Amurka, tana shekara 6 aka kai ta makarantar da a da fararen fata kaɗai ke shiga, sai da jami'an tsaro huɗu suka raka ta saboda masu ihu a bakin ƙofa, iyaye suka kwashe 'ya'yansu, malama ɗaya ta koyar da ita ita kaɗai a aji kusan shekara guda. Ki tsaya ki tambayi yaron, da kai ne a makarantar me za ka yi? Masu son ƙwallo kuma ga Vinicius na Real Madrid da aka yi wa kukan biri a filin Valencia a 2023, bai haɗiye ba, ya nuna masu yi, daga baya kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata 8. Ki haɗa musu da aya ta 13 a Suratul Hujurat da matsayin Sayyidina Bilal.

Sannan ku yi gwaji a gida, ke ki zama mai tsokanar, shi ya koyi cewa "ban yarda ka kira ni haka ba" da ƙarfi ba tare da duka ba. In wani ake yi wa, kar ya taya dariya, ya je ya tsaya kusa da shi, sannan ya gaya wa malami. In kuma naki ne ya yi tsokanar kar ki kare shi, ki riƙo hannunsa da kanki ku je ya ba da haƙuri.