Darasi na 7: Abin da Yaƙin Bowa Ya Koya wa Sojan Birtaniya

A shekarar 1899 Birtaniya ta shiga yaƙi da Bowa, wato Turawa manoma 'yan asalin Holan da suka kafa ƙasashensu biyu a Afirka ta Kudu. Hafsoshin Ingila sun ɗauka abin na 'yan watanni ne, domin sun saba da yaƙar mutanen da ba su da makamai irin nasu. Sai ga shi a mako guda na watan Disamba an ci su sau uku.

Mu duba ɗaya daga ciki da kyau. A wani wuri mai suna Magersfontein sojojin Birtaniya sun taho cikin dare, kafaɗa da kafaɗa, suna zaton abokan gaba na bisa tudu. Ashe Bowa sun haƙa ramuka a gindin tudun, sun kwanta ciki da bindigogin Mauser masu cin dogon zango, waɗanda albarushinsu ba ya hayaƙi. Gari na fara wayewa aka buɗe wuta, aka kashe Janar Wauchope da ke jagorantar tafiyar, sauran kuma suka wuni kwance a rana ba tare da sun ga mai harbinsu ba.

An gama yaƙin a 1902. Birtaniya ta yi nasara, amma ta rasa sojoji kimanin 22,000, yawancinsu ta hanyar cuta, musamman taifot. Bai kamata a manta ba cewa mata da yaran Bowa fiye da 26,000, da dubban baƙar fata, sun mutu a sansanonin da ta tsare su.

Daga nan aka shiga gyara. An koya wa soja ya watsu, ya nemi maɓoya, ya yi tunani da kansa idan hafsa ya faɗi, kuma kaki ya zama tufafin aikinsa. Harbi ne aka fi ba ƙarfi, har ƙwararren soja ya kai ga yin harbi 15 a minti ɗaya yana samun abin da ya auna. A 1904 aka soke muƙamin babban kwamanda aka kafa majalisar soja, sannan ministan yaƙi Richard Haldane ya shirya rundunar da za a iya tsallakawa da ita ƙetare cikin gaggawa. Ita ce ta kara da Jamusawa a garin Mons na ƙasar Beljiyam a watan Agustan 1914, a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Aiki: Ku sake karanta sakin layi na biyu a bayyane, sannan kowa ya rubuta jimloli uku a littafinsa kan dalilin da ya sa tafiya a cunkushe ta zama haɗari ga soja.